Shin Radar Manyan Jirage Tana Ganin Jirgin Fitonmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon direban tirela ne, yanzu ina ɗan kasuwanci a Apapa, kuma kusan kullum ina shiga jirgin fito daga tashar Liverpool ta nan Apapa in kai kaya ƙauyukan tsallaken ruwa. Wani yaron jirgi ya ce mana kada mu damu in mun gifta gaban manyan jirage, wai suna da kwamfutar rada mai ganin komai, kuma ita ke kaucewa da kanta. Gaskiya ne? In haka ne, me ya sa har yanzu muke jin jirage sun yi karo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron jirgin nan rabin magana ya tsinta. Na'urar da yake nufi tana nan, ARPA ake ce mata, na kuma yi shekaru a gabanta a ɗakin tuƙi kafin in dawo koyar da ita ga matasan hafsoshin jirgi a nan Legas. Aikinta shi ne bin sawun abin da rada ta hango, da lissafa inda zai kai nan da 'yan mintoci. Sitiyari ba ya hannunta. Akwai wata na'ura dabam mai riƙe jirgi a kan layin da aka ɗora shi, amma ita ba ruwanta da abin da ke gaba, ko dutse ne za ta hau. Juyawa ko rage gudu hukuncin mutum ne, hafsan da ke kan aiki ko kyaftin.

Bari mu fara da radar kanta. Dogon ƙarfen nan da kake gani yana juyawa a saman ɗakin tuƙi eriya ce. Tana harba ɗan guntun sigina na rediyo, ya je ya bugi abu ya dawo. Siginar da gudun haske take tafiya, wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka lokacin zuwa da dawowa shi ke ba da nisa, inda eriyar ta fuskanta kuma shi ke ba da sashe. Duk bayan daƙiƙa biyu zuwa uku ta kammala zagaye, ta zuba ɗigo-ɗigo a allo. Iyakar saninta ke nan: ga abu can, nisansa kaza, ta sashe kaza. Ɗigon ba ya faɗin ko jirgi ne, ko gangar alamar hanya, ko hadari mai ruwa, balle ya nuna inda hancinsa ya dosa.

Iri biyu manyan jirage ke ɗauka. Ta X, mai zangon santimita 3, hotonta ya fi kaifi amma ruwan sama yana shaƙe ta. Ta S, mai zangon santimita 10, ta fi ratsa ruwan sama da hayaniyar taguwa. Dokar kare rayuka a teku, SOLAS, ta ce jirgi mai girman tan 300 zuwa sama ya ɗauki ta X, daga tan 3,000 ya ƙara ta biyu, daga tan 10,000 kuma sai da cikakkiyar ARPA. A ƙa'idar da ta fara aiki a Yulin 2008, radar irin wannan babban jirgi dole ta iya bin aƙalla abubuwa 40 a lokaci guda.

Tambayarka ta biyu kuwa tarihi ya riga ya amsa ta. Tun 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya ƙera na'urar hango jirgi da siginar rediyo, don hana karo a hazo, ba a dai kula shi ba. Bayan yaƙin duniya na biyu rada ta shiga jiragen kasuwa, mutane suka ɗauka an gama da karo. A daren 25 ga Yuli 1956, jirgin fasinjan Italiya Andrea Doria da na Suwidin Stockholm suka haɗu kusa da tsibirin Nantucket na Amurka. Dukansu suna da rada, kowa ya ga ɗan'uwansa tun da nisa. Na Italiya ya ɗauka za su wuce dama da dama, ya karkata hagu. Na Suwidin ya ɗauka hagu da hagu ne, ya karkata dama. Suka kai kansu wuri ɗaya. Mutum 51 suka rasu, washegari da safe Andrea Doria ya nutse. Ganin ɗigo bai ishe su ba, domin ba su fitar da inda ɗigon ya dosa daidai ba. A wancan zamani da hannu ake wannan lissafi: hafsa ya ɗiga alama a takarda ko a gilashin allo, ya jira minti 3 ko 6, ya sake ɗigawa, ya ja layi. Jirgi ɗaya ko biyu ana iyawa. In sun kai goma, kafin ka gama na ƙarshe na farko ya canja hanya. Wannan wahala ce ta haifi ARPA, kuma a 1979 hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta fitar mata da ƙa'idojin aiki na farko.

Ga yadda lissafin yake, da misali daga bakin ruwanmu. A teku da mil ɗin ruwa ake awo, shi ne mita 1,852. A ce jirginmu ya fito daga Apapa, ya sauke jagoran tasha, wato ƙwararren da ke shiga da jirage tasha yana fito da su, ya miƙa kudu da gudun mil 12 a awa. Rada ta nuna ɗigo a kudu maso yamma, digiri 220 a kamfas, nisan mil 6. Bayan minti 6 aka sake dubawa: har yanzu 220, amma nisa ya koma mil 4.5. To a nan cikin duk hafsan kirki zai ɗuri ruwa. Sashe bai motsa ba, nisa yana raguwa, ma'ana wuri ɗaya muka nufa a lokaci ɗaya. Kai da ka yi tuƙi ka san wannan, Alhaji: mashin ɗin da ke fitowa daga titin gefe, in ya tsaya a wuri ɗaya cikin gilashin gabanka yana ta ƙara girma, a mahaɗa za ku gamu. An ci mil 1.5 cikin minti 6, saura 4.5, wato saura minti 18. Lambobi biyun nan su ne zuciyar ARPA. Ɗaya ita ce tazarar da za ta rage a lokacin da kuka fi kusantar juna, a allo ana rubuta ta CPA. A misalinmu sifili ce. Ɗayar ita ce mintocin da suka rage kafin a kai wannan lokaci, TCPA. Hafsa yana sa iyaka, a ce mil 1 da minti 15, duk wanda ya keta ta ƙararrawa ta kaɗa.

Na'urar ba ta tsaya nan ba. Tana ɗauko inda hancinmu ya fuskanta daga kamfas, da gudunmu daga ma'aunin gudu, ta cire motsinmu daga abin da ta gani, abin da ya rage shi ne ainihin tafiyar wancan jirgi. A misalin nan za ta ce gabas ya nufa da gudun kusan mil 10, kamar wanda ya taso daga Kwatano. Sai ta ja masa kibiya a allo. Akwai kuma gwajin juyi, wanda ni a ganina shi ne mafi amfanin abin da ke cikinta: kafin ka taɓa sitiyari ka tambaye ta, in na karkata dama digiri kaza me zai faru? In ka gwada digiri 5 za ta ba ka tazarar rubu'in mil kawai. In ka gwada digiri 40, tazarar ta kai wajen mil 1.8, ka wuce ta bayansa lafiya. Amsa take bayarwa, zaɓi naka ne.

Zaɓin ma ba da son rai ake yinsa ba. Dokokin hana karo a teku na 1972, waɗanda suka fara aiki a Yulin 1977, sun riga sun raba hakki. Jirage biyu masu inji suka haɗu gaba da gaba, kowa ya karkata damarsa. In hanyarsu ta gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa ta hannun dama shi zai kauce, ɗayan ya riƙe hanyarsa da gudunsa. A misalinmu mu ne masu kaucewa. Doka ta 8 kuma ta ce juyin ya zama babba wanda ɗayan zai gane da ido ko a rada, a guji ƙananan juyi a jere. Ɗalibaina sukan ga kamar wannan tsohuwar magana ce ta zamanin fensir. Ni kuwa ina ce musu zuwan kwamfuta ƙara mata ƙarfi ya yi, kuma ga dalili.

ARPA da abin da ya wuce take hasashen abin da zai zo. Tana tara ɗigon zagaye bayan zagaye, ta daidaita su, ta ɗauka kowa zai ci gaba yadda yake. Ƙa'idar IMO ta ba ta minti 1 ta nuna alamar inda abu ya dosa, minti 3 ta ba da cikakken lissafi, shi ma in abin bai canja tafiya ba. A minti na farko an yarda kuskurenta a kan tazara ya kai mil guda. Bayan minti 3 an yarda ya kai mil 0.3, wato sama da mita 500. Saboda haka in allo ya ce za ku wuce da tazarar mil 0.3, mai yiwuwa sifili ce. Jirgi ya juya kuwa, kibiyarsa ba ta binsa nan take, sai ta ɗan daɗe tana nuna tsohuwar hanya. Wanda ke juya digiri 5, ya jira, ya ƙara 5, kwamfutar ɗayan jirgin ba za ta taɓa samun natsuwar fitar da gaskiya ba. Jirage biyu masu gudun mil 15 kowanne, gaba da gaba, suna cinye mil 6 cikin minti 12; ka cire minti 3 na lissafi, ka cire na tunani, ka ga abin da ya rage. Shi ya sa doka ta 7 ta yi gargaɗin kada a gina hukunci a kan ƙarancin bayani, ta kuma ambaci na rada musamman.

Sai matsalar abin da ake ba ta. In kamfas ya karkace ko ma'aunin gudu ya yi ƙarya, kibiyar ainihin tafiya ta zama ƙarya, kuma a allo tsaf za ta fito ba alamar shakka. Akwai ma wani abu mai ruɗa sababbin hafsoshi a nan gabar tamu. Gudu iri biyu ne: gudu cikin ruwa, da gudu a kan ƙasa wanda GPS ke bayarwa. Inda ruwa ke ja, ba sa zama ɗaya, kuma a gabar Legas ruwan teku gabas yake ja, ga na tafki da ke kwararowa ta bakin mashiga da ƙarfi in teku na janyewa, musamman da damina. In ka sa na GPS, kibiya tana nuna inda jirgi ke zamewa, alhali hancinsa wani wajen yake kallo, kuma dokar wa zai kauce da yadda jirage ke fuskantar juna take aiki. Don haka a buɗaɗɗen teku gudu cikin ruwa muke so wajen hana karo. A cikin mashigar Commodore kuwa, wato hanyar shiga tashar Legas daga teku, tsakanin katangun duwatsun nan biyu na gabas da yamma, na ƙasa ya fi amfani, don shi ke nuna maka ruwa yana tura ka wajen dutse. Mai rada biyu yakan sa ɗaya haka, ɗaya haka.

Wajen da jirage ke jefa anka suna jiran layi, gaban Legas, nan ma ARPA tana shan wuya. Cunkoso a wurin ba sabon abu ba ne. A 1975, lokacin badaƙalar odar siminti, jirage ɗaruruwa suka yi watanni a nan. Idan ɗigo biyu suka matsu, na'urar takan saki wanda take bi ta kama na kusa da shi, kibiyar wannan ta koma kan wancan. Kana kallo jirgin da ke tsaye ya samu gudu, mai tafiya ya tsaya. Haka ƙaramin jirgi in ya shige gefen babba, ɗigonsa ya narke cikin na babban, ƙararrawar ɓacewa ta kaɗa. A wuri mai cunkoso ƙararrawa ba ta hutawa, har kunne ya saba ya daina ji, wasu ma su rage iyakar don a samu sauƙi. Wannan ɗabi'a ita nake fi yaƙa a aji.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon da muka sani a gida yana biyo mu har teku. Ƙura ba ta damun rada sosai, ido take kashewa. Amma da zarar jirage ba sa ganin juna da ido, dokar ta canja gaba ɗaya: babu mai riƙe hanya, kowa zai yi hattara ya rage gudu, kuma doka ta 19 ta ce a guji karkata hagu don jirgin da ke gaba, sai in wuce shi ake yi. Mai inji da ke tafiya yana busa doguwar oda ɗaya, tsakanin busa da busa bai wuce minti 2 ba. Damina kuma radar take kamawa. Hadarin Yuni da Yuli yana sauka a allo kamar farin ƙulli, duk abin da ke cikinsa ya ɓuya. Akwai maɓallin rage hayaniyar ruwan sama da na rage ta taguwa, amma duk abin da ka murɗa don share allo, ƙananan ɗigo ne ke fara tafiya.

Za ka ji ana maganar AIS, mai nuna sunan jirgi a allo. Ita ba hange take yi ba. Kowane jirgi ne ke shelar sunansa da wurinsa da gudunsa ta rediyo. Tana da amfani ƙwarai, takan nuna juyi kafin rada ta gane, tana kuma jin jirgin da ya ɓuya bayan kwana. Sai dai abin da aka faɗa mata take maimaitawa, ana iya kashe ta, kuma a wannan yanki namu wasu sun sha kashewa, ko don tsoron 'yan fashin teku ko don ɓoye harkar mai. Jiragen fito da na masunta galibi ba su da ita sam. Ba na kuma son ɗabi'ar kiran juna a rediyo a shirya "ni zan bi nan, kai bi can" saɓanin doka. Da dare, cikin jirage da yawa, ba ka da tabbacin wanda ya amsa shi ne wanda kake kallo, ga mintoci suna tafiya.

Yanzu mu dawo kan jirgin da kake shiga. Rada ƙarfe take so, mai tsayi, mai kusurwa. Katako da roba ba sa mayar da sigina sosai, jirgin fito kuma ƙasa-ƙasa yake da ruwa, sau da yawa injin bayansa ne kawai ke ɗan amsawa. A ƙa'ida, jirgi mai tsawon mita 10 ya kamata a hango shi daga wajen mil 3, amma wannan a ruwa kwance ne ba hayaniya. A tsakanin Apapa da Tin Can, cikin ƙarafunan ɗaga kaya da baji-bajin kwantena da ake ja da jiragen da ke ɗaure, ɗigonku ɗaya ne cikin tarin ɗigo. Ko an gan shi, sai an kama shi an fara bi, sannan a jira mintocin nan. Jirgin fito mai gudu da zille-zille ba ya ba na'urar wannan dama. Kafin ta gama lissafi kun riga kun shiga gabansa. Gaskiyar magana, a cikin mashiga jagoran tasha da kyaftin ta taga suke tuƙi fiye da allo.

Tagar ma tana da iyaka. Doka ta yarda wanda ke ɗakin tuƙi ya kasa ganin ruwan da ke gaban hancin jirgi har tsawon jirgin biyu ko mita 500, wanda ya fi ƙanƙanta. Jirgin kwantena da aka loda har sama yakan kusanci wannan iyaka. In kun shiga wurin nan babu idon da ke kanku sai in an ajiye mutum a hanci. Jirgin da ke tafiyar mil 8 a awa, wanda daga nesa za ka ce rarrafe yake, yana cin mita 500 cikin minti 2. Injinku ya mutu a nan, ko leda ta naɗe farfela, abin da ke faruwa kullum a ruwan Legas, ba za a ja shi ya tashi kafin ya iso ba.

Ko an gan ku, me zai iya yi? Birki babu. Sai dai a juya inji baya, kuma ma'aunin IMO ya yarda jirgi ya ci tsawonsa har sau 15 kafin ya tsaya daga cikakken gudu. Mai tsawon mita 300 ke nan zai iya cin kilomita 4.5. A mashiga ba ya wannan gudu, amma kuma ba shi da wurin kaucewa, don zurfin da yake bukata siriri ne, kuma in ya rage gudu da yawa sitiyari ya daina jin magana, ruwa ya ɗauke shi. Shi ya sa doka ta 9 ta ɗora nauyin a kanku: jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa wanda ba ya iya tafiya sai cikin mashiga, kada kuma a gitta mashigar in hakan zai tare shi.

Abin da zan ce ka faɗa wa mai jirginku ba shi da tsada. Ya riƙa jira babban ya wuce ya bi ta bayansa, ya kuma ba da tazara sosai, domin ruwan da farfelarsa ke turowa yana iya kifar da ƙaramin jirgi, in kuma jirgin ja ne, akwai yiwuwar igiya a bayansa da baji a ƙarshenta. In zai gitta, ya gitta kai tsaye, kada ya bi mashigar a karkace. Ya kafa ƙarfen mayar da sigina a kan sanda, wanda ake haɗawa da fallayen alminiyum masu gitta juna. Maƙerin gwangwani ma zai iya yin sa, kuma iya tsayinsa iya amfaninsa. Da duhu ya sa farar fitila mai ganuwa ta ko'ina, da ja a hagu, kore a dama, ban da tocilar waya da ake ɗagawa sai an ji ƙarar inji, ko da yake hukumomi sun sha hana tafiyar dare ma ɗungurungum. Kai kuma ka sa rigar ceto ka ɗaure ta. In kuna cikin ruwa ka ji babban jirgi ya busa gajeriyar oda sau biyar ko fiye a jere, cewa yake bai gane nufinku ba kuma yana ganin ba ku kauce yadda ya kamata ba. A take ka sa matuƙinku ya juya ya bar masa hanya.